A Karanta Mana Kafin a Yi Mana Rawa

Watan Yuli ya kama, takardun nan kuwa sun fara shigowa gidajenmu a jakar yara. Duk mai ɗa a firamare a unguwar nan ya san su: kuɗin fati, kuɗin rigar yaye da hularta, kuɗin hoto, kuɗin anko, wani wurin har da kuɗin "kyautar malamai". Takardar kan zo da ranar ƙarshe ta biya, yaron kuma kan zo da kuka, wai an ce duk wanda babansa bai biya ba a gida zai zauna ranar biki. To, mun gaji da yin shiru. Bikin ƙarshen shekara a makarantunmu, musamman na kuɗi, ya cinye karatun da aka ce ana yi wa biki, kuma da hannunmu muka ba shi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bara a wata makaranta da yawancinmu ke kai yara. An kafa kanofi, an jera kujerun roba, mai kiɗa ya ƙure sifika tun hantsi. Yara 'yan shekara biyar sun fito da riga har ƙasa da hula mai tunku kamar waɗanda suka gama jami'a, iyaye mata na ta guɗa da liƙi. Bayan kwana biyu, a shagon ɗaya daga cikinmu, aka miƙa wa wani yaro da ya karɓi kyauta a wurin, ɗan aji huɗu, kwalin maganin zazzaɓi ya karanto yadda ake sha. Yaro ya juya kwali sama, ya juya ƙasa, ya yi tsuru-tsuru. Waƙar Turanci mai baiti shida da ya rero a gaban jama'a tana nan daram a kansa. Layi ɗaya da bai taɓa haddacewa ba ya gagare shi. Mahaifinsa bai ce komai ba, amma duk mun ga fuskarsa.

Ku lissafa da mu. Zangon karatu na uku bai wuce mako goma sha biyu zuwa sha uku ba. A ciki za a cire makon farko da ake share fili da jiran yara su dawo, a cire makon bita da na jarrabawa. Abin da ya rage kuma sai a ɗebi mako uku ko huɗu a ba wa gwajin rawa, fareti da wasan kwaikwayo. Malamin lissafi ya koma mai koyar da taka rawa, malamar Turanci ta koma mai karɓar kuɗin anko. Darasin da aka tsallake ba ya dawowa. A watan Satumba yaro zai wuce aji na gaba da ramin a cikin kansa, sabon malami kuma zai ɗora gini a kan ramin.

Sai maganar aikin gida, wanda ya zama wani wasan kwaikwayon. Abin da ba a koyar a aji ba shi ake turo mana gida da yamma, shafi uku ko huɗu, da Turancin da uwar yaron ba ta ji. Yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya, bai samu kansa ba sai magariba, ga shi ba wuta. Wa zai yi aikin? Yayarsa ta sakandare, ko wani saurayi mai waya a ƙofar gida. Da safe malam ya zana jan biro, ya rubuta goma bisa goma, alhali ya fi kowa sanin wannan ba rubutun ɗalibinsa ba ne. Mu ma mun sani. Kowa na cutar kowa, kuma wanda ake cuta da gaske shi ne yaron.

Kada wani ya ce wannan ƙorafin 'yan unguwa ne kawai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta cece-kuce kan yadda aka yi abin, kuma har yau akwai masu ganin an zalunci wasu. Amma ko me mutum ya ɗauka, abin ya nuna mana cewa ajin firamare a jihar nan yana da ciwo, kuma ba a warkar da ciwo da kiɗa. A 2025 Jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan ajin reno gaba ɗaya, ta bar shi ga masu gama aji shida na firamare da masu gama babbar sakandare, saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Mu ba sai mun jira doka daga Kaduna ba. Aljihunmu ne, 'ya'yanmu ne.

Kuma a dubi lokacin da ake tatsar kuɗin. Yuli tsakiyar damina ne, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin taki. Tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki a ƙasar Jaba da Kachia da kewaye, kasuwar da yawancinmu ke ci daga gare ta ba ta koma daidai ba, dillali da ɗan dako da mai shago duk sun ji a jikinsu. A irin wannan hali uwa za ta ɗauki kuɗin adashinta ta yi hayar rigar da za a sa na awa uku, sannan a watan Satumba a rasa kuɗin littafin karatu. Wannan ai kashin kai ne.

Mun san abin da za a ce. Za a ce yara na jin daɗi, kuma gaskiya ne, ba mu ƙi yaro ya yi murna ba. Za a ce malaman makarantun kuɗi albashinsu bai taka kara ya karya ba, ɗan abin da suke samu a bikin ne ke rufa musu asiri. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin kunya ne. To a fito fili a faɗa. In ƙarin kuɗin makaranta ake so don a biya malami da kyau, a kira taron iyaye da malamai a kawo lissafi, mu tattauna kamar manya. Amma a daina sa yaro a gaba yana kuka don a buɗe aljihun babansa.

Mu fa muna da namu ma'aunin tun kaka da kakanni. A makarantar allo ba a yi wa yaro walimar sauka don shekara ta zagayo. Sai ya sauke, sai ya zauna gaban malamai da dattawa ya karanta, sannan a yanka rago. Biki yana bin karatu a baya. Yaushe muka yarda aka juya mana shi a boko?

Kakanninmu sun zo ƙasar nan da fatauci, wasu da layin dogo da ya iso Kafanchan a shekarun 1920, wasu da haƙar kuza, irin haƙar da ta tono gumakan Nok da duniya ta sani. A zamaninsu mutum na iya rufa wa kansa asiri da mudu da sikeli. Yau maƙwabtanmu Ham da Bajju da Kagoro, waɗanda suka riƙi boko da hannu biyu tun zamanin makarantun mishan, 'ya'yansu ne ke cike Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ofisoshin Kwoi da Kafanchan. Sun yi ƙoƙari, sun ci guminsu. Da su 'ya'yanmu za su zauna jarrabawa ɗaya, kuma a ɗakin jarrabawa ba a tambayar wa ya fi iya fareti.

Ga abin da muke nema, kuma za mu kai shi taron iyaye na gaba. Biki ya tsaya ga 'yan aji shida kawai, cikin kayan makarantarsu, ba anko ba haya. Duk gwajin wasa a yi shi bayan an tashi, kada a taɓa lokacin darasi. A ranar rufe makaranta a kira iyaye aji-aji, a buɗe littafi a shafin da yaro bai haddace ba ya karanta, a ba shi lissafi a allo ya yi. Aikin gida ya zama kaɗan, daga abin da aka riga aka koyar, wanda yaro zai iya shi kaɗai kafin duhu, malam kuma ya gyara shi da gaskiya. Takardar sakamako ta faɗa mana abin da yaro ya iya da abin da ya kasa, "ya zo na uku" ba ya gaya mana komai in duk ajin ba mai karatu.

Namu rabon kuma yana nan. Mu daina yi wa yara aikin gida, in ya gagara a mayar wa malam haka nan, ya san inda aka tsaya. Kowane dare mu ba yaro minti goma ya karanta mana da ƙarfi. Ko ba ka yi boko ba, Malam, kunnen da ya saba da tilawa yana gane mai karatu da mai in'ina. Kafin ka sa hannu a aljihu bana, ɗauko littafin ɗanka na aji, buɗe tsakiya, ka ce ya karanta maka.