Mota 'Yar Ruwa Biyu Ba Za Ta Ceci Masana'antun Turai Ba

Tun daga 2024 wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin shugabannin kamfanonin motoci da 'yan siyasar Turai, musamman na Jamus da Italiya. Cewa suke yi an yi gaggawa a kan motar lantarki, jama'a ba su shirya ba, don haka a sassauta dokokin hayaƙi a buɗe wa mota 'yar ruwa biyu hanya, wato wadda ta haɗa injin fetur da batir. A ganinsu, ta haka ne za a tsare ayyukan ma'aikata, a kuma taka wa kamfanonin Sin birki. Maganar ta yi tasiri. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar motar da ke fitar da iskar kabon ba. Amma a 2025 aka yarda kamfanoni su haɗa lissafin shekaru uku, 2025 zuwa 2027, maimakon a riƙa cin su tara shekara-shekara. A watan Disamban shekarar kuma Hukumar Tarayyar ta kawo shawarar a sauko da burin 2035 daga kashi 100 zuwa kashi 90. Wannan ja da baya kuskure ne, kuma hujjojin da aka ɗora shi a kansu ba su da ƙwari.

'Yar ruwa biyu iri biyu ce, kuma masu kamfe suna cin ribar cakuɗa su. Ta farko ita ce irin Prius da Toyota ta fitar a Japan a 1997. Batirinta ƙarami ne, ba a jona ta da wuta, tana tara caji ne daga injin da kuma taka birki. Tana rage shan mai da gaske, sai dai duk ƙarfinta daga fetur yake fitowa. Ta biyu ita ce wadda ake yi wa caji a gida, mai batirin da zai ja ta kilomita da dama kafin injin ya tashi. A kan wannan ta biyun ake ta kai gwauro ana kai mari, domin ita ce ke da tsabta a takarda.

Dokar Turai ba ta auna mota ɗaya-ɗaya. Tana duba matsakaicin hayaƙin duk motocin da kamfani ya sayar a shekara. Daga 2025 iyakar ta tsaya a wajen giram 93.6 na iskar kabon a kowace kilomita, kuma kowane giram da aka haura yana jawo tarar Yuro 95 a kan kowace mota. Kamfanin da ya sayar da mota miliyan ɗaya ya haura da giram ɗaya tak, Yuro miliyan 95 ke nan a wuyansa. Saboda haka duk mai cajin da aka rubuta mata giram 40 tana jawo lissafin ƙasa, tana ba kamfani sararin sayar da manyan jif-jif masu kawo riba.

Giram 40 ɗin nan kuwa ba ya kan titi. Tun 2021 ake tilasta wa sababbin motoci a Turai ɗaukar na'urar da ke rubuta man da suka sha. A Maris 2024 Hukumar Tarayyar ta fitar da abin da aka tattara daga motoci wajen 600,000. Masu fetur zalla sun haura abin da aka rubuta musu da kusan kashi 24 cikin 100. Masu caji kuwa sun ninka nasu sau uku da rabi: kusan giram 139 a madadin 40. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwajin hayaƙi na hukuma yana ɗauka cewa yawancin tafiya da batir ake yin ta, alhali da yawa daga cikin motocin na ofis ne, kamfani ke biyan kuɗin mai, wutar gida kuwa daga aljihun direba take fita. Wa zai jona? Sai motar ta yi ta yawo da fetur tana jan nauyin batirin da ba a amfani da shi. A 2015 an kama Volkswagen da manhajar yaudarar gwaji a motocin dizal miliyan 11, duniya ta yi ca a kanta. A wannan karon ba a karya doka ba, mudun awon ne da kansa aka tauye. An soma gyara lissafin a 2025, da niyyar ƙara tsaurara shi a 2027, kuma ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus, VDA, ta nemi a dakatar da gyaran. Wanda ya yarda motarsa na da tsabta ba ya tsoron awo na gaskiya.

Hujjar Toyota ta fi sauran nauyi: ma'adinan da ke cikin batirin babbar motar lantarki guda za su isa a yi masu caji 6 ko irin Prius 90. Ta yi ma'ana a 2022 lokacin da farashin litiyam ya kai ƙololuwa. Daga baya farashin ya faɗi warwas, batir mai ƙarfe da fosfet wanda ba ya buƙatar kobalt ko nikel kuma ya bazu. Ko da an karɓi hujjar ma, irin Prius take karewa, ba mai caji ba.

Batun gasa da Sin shi ne inda ra'ayin ya fi rauni. BYD ta Sin ta fara ne da ƙera batir a Shenzhen a 1995, ta daina yin motar fetur zalla a 2022, a 2024 kuma ta sayar da motoci sama da miliyan 4, fiye da rabinsu 'yan ruwa biyu masu caji. Wato filin da Jamus ke son fakewa a cikinsa, Sin ta riga ta kafa tuta a can. Da Tarayyar Turai ta ƙara wa motocin lantarki na Sin kuɗin fito a Oktoba 2024, kashi 17 a kan BYD, kashi 35.3 a kan SAIC, ƙarin bai shafi masu caji ba, sai kamfanonin suka juyo da jiragen ruwa cike da su. An gudu ba a tsira ba. BYD ma ta kafa masana'anta a Szeged ta ƙasar Hungari, inda harajin ba zai taɓa ta ba.

Damuwar ma'aikata gaskiya ce. Motar lantarki ba ta da yawan sassa, don haka ƙera ta ba ya buƙatar ma'aikata da yawa, kuma a ƙarshen 2024 Volkswagen ta amince da rage ayyuka 35,000 a Jamus kafin 2030. Amma ba dokar 2035 ce ta ƙwace mata kasuwar Sin ba, inda BYD ta sha gabanta a 2023. Batir ne ya yi wannan aiki. Kamfanonin Sin biyu, CATL da BYD, sun riƙe fiye da rabin kasuwar batirin motoci ta duniya, Northvolt, mai ƙera batir ta Suwidin da Turai ta ɗora wa buri, kuma ta durƙushe a Maris 2025. Kuɗin da za a raba tsakanin inji da batir na wasu shekaru goma, kuɗi ne da aka hana wa ɓangaren da ake yaƙin a kansa. Shi ya sa Volvo, wadda ta zuba jari da wuri, ta nemi a bar wa'adin 2035 yadda yake.

Cewa jama'a ba sa so ma ba ta tsaya ba. A Norwe kusan kashi 89 na sababbin motocin 2024 na lantarki ne zalla, bayan shekaru na sauƙin haraji da yawan wuraren caji. Ƙananan motoci masu rangwame irin Renault 5 da Citroën ë-C3 kuwa sun fito ne daidai lokacin da iyakar 2025 ta gabato. Matsin doka ne ya fito da su.

Abin bai tsaya a Turai ba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin gwanjo miliyan 14, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka. Mai cajin da aka sayar a Jamus bayan 2035 za ta sauka Kwatano ko Legas da gajiyayyen batir, ta wuce Kano ko Maraɗi inda wuta ba ta da tabbas. A can da fetur zalla za a tuƙa ta har wajen 2050, kanikawa kuma su yi ta fama da tsari biyu a mota ɗaya.