Gudun Da Peter Stastny Ya Yi Da Wan Da Ya Bari A Baya

Yau zan ɗan ja ku zuwa wani fagen da ba mu saba da shi ba, wato wasan hoki na kan ƙanƙara. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, to amma a yi mani haƙuri, domin labarin mutum ne da 'yan'uwansa da ƙasarsa, kuma da a littafi na karanta shi da na ce marubucin ya cika zuzutawa.

Shi dai wannan wasa a kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da mai tsaron gida, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda. Wanda ya jefa faifan a raga yana da maki ɗaya, wanda ya miƙa masa ma yana da maki ɗaya. Gasar da ta fi kowace girma a duniya ita ce NHL ta Amurka da Kanada.

An haifi Peter Stastny a birnin Bratislava a 1956, lokacin Sulobakiya na cikin ƙasar Cekosulobakiya, ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Bai cika shekara 12 ba tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo ƙasar a watan Agusta na 1968. Su uku ne suka yi fice a gidansu: wansa Marian, da shi, da ƙanensa Anton, duk a ƙungiyar Slovan Bratislava. Peter ya ci kofin duniya da Cekosulobakiya a 1976 da 1977, kuma a 1980 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙasar baki ɗaya. A wancan zamani ɗan wasa ba shi da ikon cewa zai tafi wata ƙasa ya nemi abincinsa, sai abin da hukuma ta ga dama.

A watan Agusta na wannan shekara ta 1980 ƙungiyarsu ta je gasa a garin Innsbruck na Ostiriya. Daga nan ne Peter da matarsa, wadda ke da tsohon ciki, da Anton suka sulale zuwa Biyana tare da taimakon shugabannin ƙungiyar Quebec Nordiques, suka hau jirgi sai Kanada. Marian, mai mata da 'ya'ya uku, shi aka bari a baya.

To a nan ne muka yi saɓani da wani abokina, wanda shi ne ma dalilin wannan rubutu. Shi a ganinsa Peter maci amana ne kawai. Ƙasa ta raine ka, ta koya maka sana'a, ta ɗaukaka ka, sai ka tsere ranar da ka fi amfani? Ya ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni kuwa ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Da farko, akwai bambanci tsakanin ƙasa da masu riƙe da ita. Gwamnatin da ta hana mutum fita sai da izininta, ta mayar da basirarsa kayan ado na kanta, ba ta da bakin cewa an ci amanarta. Amana tsakanin masu 'yanci ake ƙulla ta. Wanda aka kulle a ɗaki ya fita ta taga, ai ba alkawari ya karya ba.

Na biyu, a dubi abin da ya yi da 'yancin. A kakarsa ta farko a NHL ya tara maki 109, aka ba shi kofin Calder na gwarzon sababbin 'yan wasa a 1981. Ran 22 ga Fabrairun wannan shekara, shi da Anton kowannensu ya samu maki 8 a wasa ɗaya da Washington Capitals. A duk shekarun 1980 babu wanda ya fi shi tara maki in ban da Wayne Gretzky. Ya koyi Faransanci, harshen mutanen Kwibek, suka riƙe shi kamar ɗansu. Ya gama da maki 1,239 a wasanni 977, bayan ya buga wa New Jersey Devils da St. Louis Blues, kuma a 1998 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwarazan wasan.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙarfi a wurina, shi ne abin da ya yi da ƙofa ta buɗe. Mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, Sulobakiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ran 1 ga Janairun 1993. Wajen rabon gado, Cek ce ta riƙe gurbin tsohuwar ƙasar a sahun manya na gasar duniya, aka ce Sulobakiya ta faro daga rukuni na uku. Peter, yana da shekara 37, ya dawo ya sa rigar sabuwar ƙasar, kuma shi ya riƙe tutarta a wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer a 1994. A 1995 ya sake buga mata har ta haura zuwa sahun manya. A 2002, yana babban manajan tawagar, Sulobakiya ta doke Rasha da ci 4 da 3 ta ɗauki kofin duniya. Daga 2004 zuwa 2014 kuma ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Tarayyar Turai. Ina tambaya, haka maci amana yake yi?

Sai dai fa, jama'a, abokin nawa bai tashi a tutar babu ba, domin akwai inda maganarsa ta tsaya mani a rai. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan labari wani tsuntsun daban ruwan ya doka. Lokacin da ake tafa wa Peter da Anton a Kanada, Marian na gida an dakatar da shi daga wasa, hukuma ta sa masa ido, saboda laifin da ba shi ya aikata ba. Mutum ne da ke kan ganiyarsa, ga iyali, aka raba shi da sana'ar da ya sani. Sai a 1981 ya samu ya fice da matarsa da 'ya'yansa, ya iske ƙannensa, su ukun suka buga wa ƙungiya ɗaya. An haɗu daga baya, gaskiya ne, amma wannan shekara guda da ya sha ba wanda zai mayar masa da ita.

Saboda haka matsayina shi ne: Peter bai ci amanar ƙasarsa ba, amma ya ci bashin wansa. Laifin azabtar da Marian na kan waɗanda suka azabtar da shi, wannan ba shakka. Duk da haka wanda ya san irin hukumar da ya baro, ya san wa za ta huce a kansa. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma rabin jikin ne ya ɗauki dukan.

Abin da ya sa na kawo wannan labari gare mu masu karatu da rubutun ƙagaggun labarai shi ne, mun cika son jarumi fari tas da mugu baƙi ƙirin. Da ɗayanmu ne ya rubuta wannan, da ya rufe littafin a filin jirgi, amarya da ango sun tsira, an yi hamdala. Da Marian ya ɓace a shafi na goma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhali kuwa in ana neman inda labarin yake da nauyi, to yana gidan mutumin da ya wayi gari ya ga ƙannensa sun tafi, shi kuma za a tambaya.

Wani abin mamaki kuma, ɗan Peter, wato Paul Stastny, Amurka ya buga wa, har ya samu lambar azurfa da ita a Olamfik ta 2010 a Vancouver. Da na gaya wa abokina haka sai ya yi dariya ya ce to ka gani, gida ya bar su. Na ce masa uban ya riga ya koma ya ɗaga tuta. Har yanzu dai ba mu daidaita ba, ku ma sai ku yi mana alƙalanci.