SHARHI: Hillcrest ta Jos ta koma hannun 'ya'yan 'yan Najeriya, amma wa ke sa mata ido?

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙetare teku ya zama kasada, mishan ɗin Cocin 'Yan'uwa ta buɗe wata ƙaramar makaranta a Jos da ɗalibai 12. Wannan mishan ita ce ta kafa sansani a Garkiɗa a 1923, kuma daga cikinta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito. Manufar makarantar ba ta da sarƙaƙiya: iyaye na can ƙauyukan Borno da Adamawa suna wa'azi da aikin asibiti, 'ya'yansu kuma na buƙatar karatun da zai karɓu idan sun koma gida Amurka. Makarantar ita ce Hillcrest. Daga tsakiyar shekarun 1950 wasu ƙungiyoyin mishan suka shigo aka haɗa hannu, ta zama mallakin gamayya.

Yau akasarin yaran da ke cikin azuzuwanta 'yan Najeriya ne, tare da 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar da ragowar 'ya'yan 'yan mishan. Masu zama a aji sun canza, tsarin da ke riƙe da makarantar kuwa bai canza da irin wannan saurin ba. A nan batun yake.

Irin waɗannan makarantu suna alfahari da abu guda fiye da komai, wato zama tamkar iyali ɗaya. Ba kuri ba ne. Malamin da ya koyar da lissafi da safe shi ne mai horar da 'yan ƙwallo da yamma, shi ne kuma za a gani a coci ranar Lahadi. Azuzuwa ba su da cunkoso, malami ya san kowane yaro da sunansa da halinsa. A zamanin da makarantar kwana ke tashe, ƙungiyoyin mishan kan riƙe gidajen kwanan ɗalibai nasu na kansu, inda miji da mata ke zama a madadin iyaye. Duk wanda ya yi firamaren gwamnati inda yara ɗari ke zaune a ƙasa gaban malami ɗaya ya san darajar wannan.

Bayan wannan kusanci akwai lissafin kuɗi da ba kowa ya sani ba. A al'adar makarantun mishan, malamin da ya zo daga waje ba makaranta ke biyansa albashi ba. Kafin ya taso sai ya zagaya coci-coci da gidajen abokai a ƙasarsu, ya tara alkawuran gudummawar wata-wata da za ta riƙe shi. Ke nan masu ibada a Amurka da Kanada ne ke ɗauke da wani kaso na kuɗin karatun. Da zarar irin waɗannan malamai suka ragu, dole makaranta ta ɗauki ma'aikata ta biya su daga aljihun iyaye. Jos kuwa ta ba baƙi dalilan yin baya-baya: rikicin Satumban 2001, na Nuwamban 2008, na Janairun 2010, bama-baman jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar, sai harin kasuwar Taminus a Mayun 2014. Ga kuma naira, wadda ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali littattafai da jarabawa da kuɗin tantancewa duk da dala ake biyansu.

Haka abin yake a Yamai. Makarantar Sahel Academy da ƙungiyar SIM ta kafa a bakin kogin Kwara ta sha ambaliya a 2012 da 2020, ta ga ƙone-ƙonen coci-coci na Janairun 2015, sannan juyin mulkin Yulin 2023 ya sa Turawa da yawa suka tattara nasu ya nasu.

Ta fuskar koyarwa, manhajar Amurka ake bi, daga ajin share fage zuwa aji na 12, da darussan share fagen jami'a da jarabawar SAT. Hanya ce da aka shimfiɗa ta nufi jami'o'in waje. Yaron da ke son Zariya ko Nsukka sai ya yi wani shiri na daban don WAEC da JAMB. Tsarin da aka yi don mayar da ɗan Ba'amurke gida, yanzu ɗan Najeriya yake fitarwa daga gida, kuma iyayen da ke biya sun san abin da suke saya.

Akwai kuma batun addini. Darasin Littafi Mai Tsarki da taron sujada ginshiƙai ne a irin wannan makaranta, ba a ɓoye su. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashen ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. A aikace, sa hannun uba a takardar shiga shi ake ɗauka a matsayin amincewa. Wannan hujjar dai ita ce makarantun Islamiyya masu zaman kansu ke tsayawa a kanta, don haka mai son ya soki ɗaya sai ya shirya sukar ɗayar.

Inda zaman iyali ɗaya ya nuna ɗaya fuskarsa shi ne a 2021. A shekarar ce wani tsohon shugaban Hillcrest, wanda ya riƙe ta tsakanin shekarun 1970 da 1980, ya rubuta a zauren tsofaffin ɗalibai na Facebook cewa ya yi lalata da ɗalibai biyu. Daga nan bakuna suka buɗe. Tsofaffin ɗalibai, da yawansu sun yi furfura, suka kafa kwamiti, suka tattara bayanan gommai daga cikinsu game da duka da cin zarafi da lalata da suka ce an yi musu a makarantar da gidajen kwananta, suka nemi a yi bincike mai zaman kansa. Wasu kuma, har da waɗanda suka yi Kent Academy ta Miango, suka shigar da ƙara a jihar Karolina ta Arewa, inda wata dokar 2019 ta buɗe ƙofa ta shekara biyu ga waɗanda wa'adin ƙararsu ya wuce. Reshen SIM na Amurka ya nisanta kansa, yana cewa ba shi ke tafiyar da makarantun ba.

Ba a Jos aka fara ba. Binciken da cocin Alliance ya sa aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya tabbatar da cin zarafin yara a makarantar Mamou ta ƙasar Gini, haka rahoton 2010 kan makarantar Fanda ta Senegal. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro ɗan shekara shida an raba shi da uwarsa, an ce masa kukansa zai hana iyayensa aikin Allah. Wanda zai kai wa ƙara abokin aikin babansa ne, kuma abokin wanda ya cuce shi. Ruth Van Reken, wadda aka haifa a Kano, ta shafe shekaru tana rubutu kan raunin da rabuwa ke bari a zuciyar irin waɗannan yara, tun kafin a kai ga maganar laifi.

Adalci ne a ce waɗannan zarge-zarge na shekarun baya ne, kuma makarantun mishan na yau suna da rubutattun ƙa'idojin kare yara da ba su da su a da. Amma martanin da aka bayar ya tona asirin tsarin. Makarantar da ƙungiyoyi da yawa suka mallaka, malami na wannan mishan, gidan kwana na waccan, hukumar gudanarwa ta kowa da kowa, idan abu ya ɓaci sai kowa ya nuna ɗan'uwansa. Abin lura kuma, laifin da aka ce an aikata a Filato, a kotun Amurka aka je neman hakkinsa, a jaridun Kiristocin Amurka aka fi jin labarinsa. Kafafen yaɗa labaran Najeriya ba su ba shi wani muhimmanci ba.

Masu tantance ingancin makarantar ma daga waje suke: hukumar Middle States ta Amurka da ƙungiyar makarantun Kirista ta duniya, ACSI, mai hedikwata a Kolorado. Sukan turo tawaga bayan 'yan shekaru, su duba takardu, su zauna a aji, su tafi. Ba su da ikon kama kowa. Masu wannan iko su ne gwamnatin jiha da 'yan sanda, ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 wadda Filato na cikin jihohin da suka amince da ita. Sai dai tarihin hukumominmu a wannan fanni na zuwa ne bayan ɓarna. Legas ta rufe Dowen College ne bayan mutuwar ɗalibi a ƙarshen 2021. Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu ne bayan kisan Hanifa ya girgiza ƙasa a Janairun 2022. Jami'in sa ido na ma'aikatar ilimi da ke fama da kuɗin mota, da wuya ya tsaya a ƙofar makarantar da 'ya'yan manyansa ke ciki ya ce a buɗe masa fayil.

Saura iyaye. A da, uban ɗalibi ɗan mishan ne, ƙungiyarsa na da kujera a hukumar gudanarwa, ko da kuwa biyayya ta rufe masa baki. Uban yau ɗan kasuwa ne ko likita ko ma'aikacin gwamnati, kuɗinsa ke riƙe da makarantar, amma tsarin mallakar an zana shi ne tun kafin a san da zuwansa. Yana da hakkin ya tambayi wanda ake kai wa ƙorafin yaro idan shugaban makaranta ne ake zargi, ko akwai wani na waje da ke karɓar irin wannan ƙorafi, da kuma ko ƙa'idar makarantar ta wajabta sanar da 'yan sandan Najeriya ko kuwa hedikwatar mishan kawai. A shekarun da tsofaffin ɗaliban ke magana a kansu, abin da suka ce an saba yi wa wanda asirinsa ya tonu shi ne a saya masa tikitin jirgi a mayar da shi gida.