Sanarwar Albany: Karanta ta da Takardunka a Hannu

Wannan karon zan tsaya a jihar New York, inda nake karatu, inda kuma 'yan'uwanmu na zangon Gana da na Nijar da Najeriya suke da yawa, musamman a Bronx da Harlem. Wanda yake wata jiha ko wata ƙasa kada ya wuce, domin tambayar da zan ɗora a kan kowace sanarwa za ta yi masa amfani a inda yake.

Mun saba bin labari iri biyu: abin da ke faruwa a gida, da abin da shugaban Amurka ya faɗa a Washington. Amma gwamnatin da ta fi taɓa aljihunmu kullum tana Albany, babban birnin jihar. Can Gwamna Kathy Hochul da majalisar jiha suke tsara harkar sufuri, da dokokin zaɓe, da abin da za a ba wanda ya rasa aikinsa. Matsalar ita ce sanarwarsu kan zo a dunƙule, kamar duk mai karantawa ɗan ƙasa ne. Mu kuwa kashi-kashi ne. Akwai wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, akwai mai katin zama na dindindin, akwai irina mai bizar karatu, akwai wanda takardunsa suke gaban alƙali. Don haka kafin murna ko fushi, a fara da tambaya ɗaya: da ni ake, a irin takardun da nake riƙe da su?

Mu fara da sufuri, tunda shi ne bai tambayar kowa fasfo. Tun ranar 5 ga Janairun 2025, ƙaramar mota da ta shiga Manhattan daga titi na 60 zuwa kudu tana biyan dala 9 a lokacin cunkoso idan tana da E-ZPass, sau ɗaya a rana. Da dare kuɗin yana sauka zuwa dala 2.25. Wanda ya bi FDR Drive ko West Side Highway ya wuce bai sauka cikin gari ba, ba ya biya. Da farko dala 15 aka shirya, sai gwamna ta dakatar da shirin a watan Yunin 2024, ta dawo da shi a Nuwamba da ragi. Kada a ɗauka a nan zai tsaya: tsarin ya ce zai koma dala 12 a 2028, sannan 15 a 2031.

Direbobinmu su lura, tasi da motocin Uber da Lyft ba sa cikin wannan lissafi na kullum. Kuɗinsu a kan kowace tafiya yake, santi 75 ga tasi, dala 1.50 ga motocin manhaja, kuma a kan fasinja ake ɗora shi. Mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin shigarsa bai wuce dala 50,000 a shekara ba yana da ragin rabi bayan shiga goma na farko a wata, amma sai ya nema. Ba a aiko wa kowa da shi gida.

Ina kuɗin yake tafiya? Hukumar MTA ce ke karɓa, ita kuwa ta jiha ce, ba ta magajin gari ba, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in jirgi ya yi latti. An tsara kuɗin ne ya samar da dala biliyan 15 na gyaran jiragen ƙasa da bas. Aikin da ni nake sa wa ido shi ne tashoshi huɗu na Metro-North da ake ginawa a gabashin Bronx: Hunts Point, Parkchester/Van Nest, Morris Park da Co-op City, waɗanda za su kai mutum Penn Station kai tsaye. An riga an ɗaga lokacin kammalawa, saboda haka kada wani ya kama haya mai tsada don tashar da ba ta buɗe ba.

Sai maganar zaɓe, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Jihar ta sauƙaƙa wa masu zaɓe ƙwarai. Tun 2019 ana kaɗa ƙuri'a na kwana tara kafin ranar zaɓe, har da Asabar da Lahadi, wanda ya dace da mai aikin dare. Tun 2024 kowane mai rajista yana iya neman a aiko masa da ƙuri'a ta gidan waya ba tare da ya kawo uzuri ba. Rajista kuma tana rufewa ne saura kwana goma zaɓe. Sai dai zaɓen fidda gwani na watan Yuni na 'yan jam'iyya ne kawai, kuma mai son sauya jam'iyya sai ya yi kafin 14 ga Fabrairu ta wuce. A yawancin unguwannin Bronx, wanda ya ci fidda gwanin Dimokuraɗiyya shi ke cin kujera. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan sauƙi na ɗan ƙasa ne shi kaɗai. Har yanzu ina jin ana cewa a majalisun hira wai mai katin dindindin yana iya zaɓen magajin gari. Gaskiya ne birnin ya taɓa yin irin wannan doka, amma kotun ƙoli ta jihar ta soke ta a watan Maris na 2025. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya yi rajista ko ya yi zaɓe, yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har a mayar da shi gida. Tambayar rajistar tana cikin takardar neman lasisin tuƙi, kuma masu tebur a bakin tasha ba sa duba bizar kowa. Yaya, Hajiya, Alhaji, in an miƙo biro, a karanta layin da ke tambayar ko kai ɗan Amurka ne kafin a sa hannu. Wanda Turanci ya yi wa nauyi ya nemi a karanta masa.

Na ƙarshe, asusun waɗanda suka rasa aiki. A lokacin korona jihar ta ranto kuɗi daga gwamnatin tarayya don biyan jama'a, kuma muddin bashin yana nan, mafi yawan abin da ake biya ya tsaya a dala 504 a mako tun 2019, alhali haya ba ta tsaya ba. Kasafin 2025 ya biya bashin na kusan dala biliyan 7, sai iyakar ta tashi zuwa dala 869 daga watan Oktoba. Iyaka ce, ba rabon kowa ba: abin da mutum zai samu kusan rabin albashinsa na mako ne, har zuwa mako 26, kuma ana biyan haraji a kansa.

Wannan ba sadaka ba ce, don haka babu kunya a nema. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗin saboda aikin da aka yi musu. Sharaɗi shi ne mutum ya rasa aikin ba da laifinsa ba, yana da izinin aiki lokacin da ya yi aikin da lokacin da yake nema. A nan ne aikin biya hannu da hannu yake nuna illarsa, domin ranar da aka sallame ka babu takardar da ta san ka yi gumi. Direbobin Uber su sani cewa a Nuwamban 2023 kamfanin ya amince ya riƙa zuba kuɗi a asusun jihar. Mu ɗalibai kuwa, alawus ɗin da jami'a take biyan ɗalibinta don koyarwa ko bincike yawanci ba ya shiga wannan lissafi. Abin da ya kamata mu ƙirga shi ne kwana 90 da doka ta yarda mu zauna babu aiki a izinin aikin bayan kammala karatu.

Roƙona ga ƙungiyoyinmu da masallatanmu shi ne a samu mutum ɗaya mai karanta saƙon ɗan majalisar unguwa, ya fassara, ya ware wanne na kowa ne, wanne na ɗan ƙasa, wanne na mai izinin aiki. Abin da ya shige duhu a kai wa lauyan shige da fice, ba dandalin WhatsApp ba. Na Ohayo da Maryland da Ingila, ku rubuto mana yadda naku yake. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.