Bayan Iyaye, Wa Zai Riƙe Shi?

Maganarmu a wannan fitowa tana kan wanda Allah Ya jarraba da raunin fahimta, wanda malaman fiƙihu ke kira ma'atuhi, suka bambanta shi da mahaukaci. Jikinsa ya girma, fahimtarsa ta tsaya a hanya. Wani ana aikensa ya dawo, wani kuwa ko loma ba ya iya kaiwa baki, ga farfaɗiya, ga shanyewar gaɓoɓi. Likitoci sun san sanadi da dama: doguwar naƙuda, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki. Babu hannun Kogin Isa a ciki, saboda haka mai kiran irin wannan yaro "ɗan ruwa" ya ji tsoron Allah.

A nan Garu uwa ce ke ɗauke da shi. Ita ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ke fasa biki da ta'aziyya shekara da shekaru. Abin da ke hana ta barci shi ne: ran da aka kai ta makwanci, wa zai karɓa?

Mukan yi saurin cewa ai yana da 'yan'uwa. To, a koma ga Risala ta Ibn Abi Zaid, wajen hukuncin ciyarwa. Uba aka ɗora wa ciyar da ɗansa har ya balaga, in kuwa ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, wajibin yana nan. Amma a Malikiyya ba a tilasta wa mutum ciyar da ƙanensa. In ya yi, zumunci ne da neman lada. Ke nan bayan iyaye, abin da ya rage wa wannan bawan Allah shi ne gadonsa, sai kuma jama'ar Musulmi.

A wajen gadon nan ake cin amana. Rabonsa cikakke ne, raunin fahimta ba ya rage masa ko taƙi. Sai dai ranar rabo a ce ai shi bai san amfanin gona ba, a haɗe fadamarsa da ta yayansa, babu rubutu, babu shaidu. Kafin shekara biyar ka gan shi yana bara a kasuwar Malanbil, albasar gonarsa kuwa tana tafiya Kwatano a buhunan wani. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya juya ta ba, amma a nan take ta yi umarni a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Amana ce aka ba waliyyi ya tsare.

Uba ya naɗa wasiyyi tun yana da ƙarfinsa, a gaban shaidu, a rubuta, liman ya ajiye takarda ɗaya. Ba dole ne ya zama babban ɗa ba. A duba gaskiya da haƙuri. A kuma nemi yardar matar wasiyyin, domin mu maza mukan karɓi amana a zaure, ɗawainiyar kuwa ta faɗa wa ta cikin gida.

Hukuma ma tana da nata. Binin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, ta kuma yi doka mai lamba 2017-06 a ranar 29 ga Satumba 2017. Ofishin jin daɗin jama'a na Malanbil, wanda a da ake kira CPS, nan ake fara zuwa, kuma a tafi da takardar haihuwarsa. Sauran aikin na unguwa ne: mata su riƙa karɓar uwar ko da yini ɗaya a mako, a sa talakansu cikin rabon zakkar shinkafa, a tsawata wa yara masu jifa.

Ke kuma uwa, ki sa a rubuta miki abin da ke kaɗai kika sani: abincin da yake iya haɗiya, abin da ke firgita shi, alamar da yake yi in yana jin ciwo, da sunan maganin farfaɗiyarsa da lokutan shansa, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da ciwon fiye da da.