Sakamakon Gwaji Ba Hukunci Ba Ne Sai da Lissafi

Sau da yawa akan ji ana yabon wani gwajin asibiti da cewa yana faɗar gaskiya kashi 95 cikin ɗari. Wannan adadi shi kaɗai bai isa ya gaya wa majiyyaci matsayinsa ba, don haka ya wajaba ɗalibai su san yadda ake auna ingancin gwaji tun daga makarantar sakandare.

A shekarar 1947 wani masanin ƙididdiga a Amurka, Jacob Yerushalmy, ya fito da ma'aunai biyu sa'ad da yake nazarin hoton ƙirji na gano tarin fuka. Na farko shi ne kaifin gwaji: cikin masu ciwo ɗari, nawa zai kama? Na biyu shi ne iya tantancewarsa: cikin masu lafiya ɗari, nawa zai wanke? Sai dai wanda aka miƙa wa takardar sakamako tambayarsa daban ce: tunda gwaji ya ce yana da ciwon, mene ne yiwuwar cewa da gaske yana da shi? Amsar ta dogara ne ga yawan ciwon a cikin jama'ar da ake gwadawa.

A ce akwai ciwon da ke kama mutum 1 cikin 1,000, ga kuma gwajin da ke kama duk mai ciwon, amma yakan yi kuskure kan masu lafiya 5 cikin ɗari. Idan aka gwada mutum 1,000, zai nuna mai ciwon nan guda, ya kuma haɗa da masu lafiya wajen 50. Ke nan cikin mutum 51 da aka tayar wa hankali, ɗaya ne kawai ba shi da lafiya, wato kimanin kashi 2 cikin ɗari. Kama da wane ba wane ba ne. Amma da za a kai wannan gwaji asibitin da rabin masu zuwa ke ɗauke da ciwon, sai a sami masu ciwo 500 cikin 525 da ya nuna, wato kashi 95 cikin ɗari.

Hatta likitoci wannan lissafi yakan ba su wuya. A 1978 an yi wa likitoci da ɗaliban likitanci 60 na asibitocin koyarwa na Jami'ar Harvard irin wannan tambaya. Mutum 11 kaɗai suka ba da amsa daidai, kusan rabinsu kuwa cewa suka yi kashi 95.

Illar rashin sanin wannan ba ƙarama ba ce. Sakamakon kuskure kan raba aure, ya sa mai lafiya shan maganin da ba ya bukata. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe da kada a tabbatar wa kowa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sai gwaji uku a jere sun nuna haka.

Wasu na ganin cewa irin wannan bayani zai sa jama'a su daina yarda da asibiti. Akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya: wanda ya san dalilin maimaita gwaji ba zai zargi likita da ruɗu ba idan sakamako na biyu ya saɓa wa na farko. Malaman lissafi ba su bukatar kayan aiki na musamman don koyar da wannan darasi. Allo da alli da mutum 1,000 na misali sun wadatar.