Tsohuwa ba ta hana ruwa sauka ba

Ƴan'uwa, akwai wata magana da masu mulkin mallaka suka bar mana, har yau wasu masu ilimin boko suna maimaita ta: wai mutanen Afirka ta Gabas sun talauce ne don sun yarda da maita. To, mu auna ta mu gani.

A ƙasar Sukumawa, kudu da tafkin Biktoriya a Tanzaniya, an daɗe ana sare tsofaffin mata da adda, ana cewa mayu ne. Wani masanin tattalin arziki, Edward Miguel, ya bi labarin ƙauyuka 67 a gundumar Meatu, ya buga abin da ya samu a 2005. Shekarar da aka yi fari ko ambaliya, kisan yakan ninka biyu. Waɗanda ake kashewa galibi tsofaffi ne na gidajen matalauta, kuma sau da yawa danginsu ne ke aikata abin. Ku duba! Ashe maita ba ta tashi sai rumbu ya bushe? Yunwa ce ta fara shiga gida, sa'an nan aka nemi bakin da za a rage, aka laƙaba masa suna.

Kada wani ya ce muna wanke masu adda. Mai kashe kakarsa mai kisan kai ne, boka kuwa da ya nuna ta ya karɓi akuya abokin laifinsa ne. Haka masu farautar zabiya don a haɗa musu maganin arziki, abin da ya sa gwamnatin Tanzaniya ta haramta aikin irin waɗannan bokaye a 2015.

Amma doka kaɗai me ta yi? Ingila ta kafa dokar maita a Tanganyika tun 1928. Ba ta cika rumbun kowa ba, adda kuma ba ta kwanta ba.

Waɗannan Sukumawa ɗin da ake yi wa dariya, su ne suka gane cewa masu sayen auduga na cutarsu a kan sikeli. Ba su je wurin boka ba. Suka tsai da masu awo nasu, suka haɗa ƙungiyoyin manoma, har a 1955 suka dunƙule cikin babbar tarayya, Paul Bomani yana gaba, ta zama cikin mafi girma a Afirka a lokacinta. Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa kan sikelin ɗan kamasho ya san wane ne yake shan jinin manomi da rana tsaka.